Tuffa Goma Sha Shida a Durowar Mai Gyaran Agogo

Akwai wani saurayi da ya yi shekara bakwai a ƙasar waje, ya dawo gida da jaka biyu da ciwon baya.

Aikinsa a can tantance tuffa ne. Wani ƙaton sito ne mai sanyi kamar cikin firji, bel ɗin inji yana gudu da tuffa tun safe har yamma, shi kuma yana tsaye a gefe da safar hannu. Mai ƙwari da sheƙi ya bar ta ta wuce. Mai tabo ya ture ta hagu. Wadda ta fara laushi ya jefa ta kwandon ƙasa. Ba a ba shi lokacin tunani. Kallo ɗaya ne, hannu ya yanke hukunci. Ya yi wannan har ya zama ko zaune yake a mota, yatsunsa na motsi su kaɗai.

Da ya dawo, jaka ɗaya kawai ya kwance. Ɗayar tana bayan ƙofa a zuge. Ƙanwarsa, autar gidan, wadda ya bari da kayan makaranta ya dawo ya tarar tana koyar da ƙananan yara, ita ta sa masa suna Baƙo.

"Yaya Baƙo, kwana nawa kuka biya a masaukin namu? Mu san ko za mu canza zanen gado."

Sai ya yi ɗan murmushi ya fita.

Fita ce aikinsa. Ya bi wannan layi ya ɓulla ta wancan, ya tsaya a bakin titi yana kallon motoci, ya dawo ƙafa duk ƙura. Abokansa sun yi aure, hirarsu ta koma ta kuɗin makaranta da zazzaɓin yara. A can yana kewar gida. A gida kuma bai san inda zai ajiye jikinsa ba.

Ko abinci ba ya ci a zaune. A sito minti goma sha biyar ake ba su, ka ci a tsaye ka koma bakin bel. Jikinsa bai manta ba. Tun kafin Umma ta shimfiɗa tabarma a falo ya shiga kicin, ya zuba nasa, ya cinye a tsaye a bakin ƙofa, ya ɗauraye faranti. Lokacin da Baba zai rufe shago ya shigo, shi ya riga ya fice.

"Ɗan nan, wa yake korarka?" in ji Umma.

"Na saba ne, Umma."

A satin farko ya ce shinkafar gidan ta cika caɓewa, naman ma an dafa shi har ya rasa kamanninsa. Umma ta ji shi. Tun daga ranar ta ƙara 'yar ƙaramar tukunya a kan wuta, tana dafa masa tasa daban. Bai tambayi dalilin da ya sa sauran ba su koma cin irin tasa ba.

Babansa mai gyaran agogo ne. Shagonsa ɗan tsukuku ne a jikin gidan, yana kallon titi. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, durowa huɗu, da agogunan bango guda tara da babu biyun da suka yarda da juna a kan lokaci. Waya ta kashe kasuwar, amma tsofaffin abokan ciniki ba su daina zuwa ba.

Baban da ya bari mutum ne mai ƙarfin dariya. Idan ya yi ta, har mai shagon da ke tsallaken titi sai ya ɗago. Yana fasa ƙashi da haƙori ya tsotse ɓargo, yana buɗe kwalba da baki don yara su yi ihu.

Baban da ya tarar ya rame. Ya bar gashin baki ya sauko ya rufe leɓe. Magana kaɗan, ita ma kansa a sunkuye a kan agogo. Dariya kuwa babu. Idan abu ya ba shi dariya sai ya sa hannu a baki ya yi tari.

Baƙo ya yi masa kallo ɗaya ya yanke hukunci: har yanzu fushi yake yi. Ai ranar da zai tafi, a bakin wannan shagon, Baba ya ce masa, "Ka je, amma ba da yawuna ba." Shekara bakwai maganar tana zaune a ƙirjinsa. Yana so ya ji an janye ta, bai kuma san yadda ake tambaya ba.

Wata safiya ya ji Umma tana gaya wa Auta a kicin cewa cikin Baba ya sake ɗaurewa, yau kwana huɗu. Likita ya ce ya yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace, amma tsohon ba ya jin magana.

Baƙo ya ji wani abu ya motsa a ransa. Ga abu ɗaya a duniya da ya sani fiye da kowa a layin nan.

Ya nufi wurin mai baron da ke sayar da 'ya'yan itace a kan kwana. Tun kafin su gama gaisawa hannunsa ya fara aiki. Wannan hagu. Wannan hagu. Wannan ƙasa.

"Kai, kai, Injiniya!" in ji mai baro. "Saye ka zo ko an turo ka bincike ne? Tun asuba nake jera su."

"Rabin kayan nan a wurinmu ba za su wuce bel ba."

"To a wurinmu suna wuce maƙogwaro lafiya lau. Wa zai ci?"

"Babana."

Mai baro ya dube shi. Ya tona ƙasan tulin ya zaro wata da ta fara laushi, fatarta ta ɗan saki.

"Idan tsohon ne, ɗauki irin wannan. Shi fa ayaba kawai yake saye a wurina, ita ma sai wadda ta nuna lugub."

Baƙo ya yi dariya. "Wannan kwandon ƙasa ce. Babana zan ba kwandon ƙasa?"

Ya zaɓi mafi tauri, masu sheƙi, irin waɗanda idan aka gatsa ake jin ƙarar daga ɗaki zuwa ɗaki. Lamba ɗaya. Irin waɗanda shekara bakwai yana barin su su wuce zuwa teburin mutanen da bai sani ba.

A gida ya zube su a tire ya shiga bayani. Tuffa tana da abin da ke share hanji ya sa ciki ya saki. Tana da ruwa, tana riƙe ciki ba tare da ta yi nauyi ba. Ba magani ba ce, amma wanda ya saba da ita yana jin bambanci. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Umma ta miƙa hannu ta ɗauko wuƙa. "Kawo in fere masa, in yayyanka ƙanana."

"A'a, Umma! Rabin amfanin a ɓawon yake. Kuma da an yanka ta iska ta taɓa ta sai ta yi duhu. A wanke kawai, a gatsa. Haka ake ci."

Auta ta buɗe baki. Umma ta taka mata ƙafa a ƙarƙashin kujera. Baƙo bai gani ba, yana goge tuffa da gefen rigarsa.

Daga ranar, kullum da safe sai ya ajiye guda ɗaya a kan teburin Baba, kusa da fitila.

"An gode. Allah ya yi albarka," in ji Baba, idonsa na kan agogo. "Zan ci anjima."

Washegari ba ta nan. Baƙo ya ajiye wata.

"Ya ka ji ta, Baba?"

"Tana da ƙamshi."

Wannan ita ce hira mafi tsawo da suke yi a yini, kuma Baƙo ya fara jiran ta. Sai dai kwanaki suna tafiya, Baba bai canza ba. Wandonsa sai ƙara faɗi yake yi masa. Da rana yana riƙe ciki idan ya zaci ba a kallonsa.

Ana cikin haka wani abokin aikinsa ya kira daga can. Sabuwar kaka ta kama, shugaban sito yana tambayar mai saurin hannun nan. An ajiye masa gurbi, amma zuwa Juma'a ake son amsa.

"Me kake yi a gidan ma?" in ji abokin.

"Babu."

"To fa."

Ranar Talata ce. Baƙo ya daɗe a tsaye yana kallon jakar da ke bayan ƙofa. Da ya kai tuffar ranar shago, sai bakinsa ya suɓuce.

"Baba, ni fa ban taɓa ganin kana ci ba."

Hannun Baba ya tsaya a kan agogo. "Ido ba ya kan komai, yaro."

Ranar Laraba da hantsi Baba ya tafi ɗaura wa wani agogon bango a gidansa, ya bar shago a buɗe. Wata mata ta zo karɓar agogon mijinta, ta ce sauri take yi. Baƙo ya shiga nema. Durowa ta farko, ƙananan sukurori da batura. Ta biyu, madaurai. Ta uku, ga agogon a cikin ambulan. Ya ba ta, ta tafi.

Amma hancinsa ya riga ya kama wani ƙamshi. Ƙamshin da zai gane ko a cikin barci.

Ya ja durowa ta huɗu, babbar ta ƙasa.

Suna nan a jere a kan tsohuwar jarida, kowace hancinta sama. Na baya sun yamutse kamar fuskar tsohuwa. Na gaba suna sheƙi. Ya ƙirga. Goma sha shida. Tun daga ta ranar farko har ta yau.

Guda ɗaya a layin gaba tana da ɗan tabo mai duhu a gefe. Hannunsa ya ture ta hagu kafin ya san ya yi.

Bai ji zafi ba da farko. Gajiya ya ji, irin ta ƙarshen yini a sito, wadda ke saukowa daga wuya zuwa ƙafa. Ashe ko tuffa ce, in dai daga hannunsa ta fito, Baba ba zai ci ba.

Ya zare durowar gaba ɗaya ya shiga da ita gida, ya dire a gaban Umma da ke tsintar wake.

"Ga su nan. Ki ba maƙwabta."

Umma ta dubi durowar, ta dube shi. "Ɗan nan, zauna."

"Na zauna wata biyu, Umma. Me na samu? Mutum yana fushi da ni, ya faɗa mini a fuska in san na yi laifi. Amma ya karɓa, ya sa albarka, ya jefa a durowa kamar mataccen batir?"

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Umma ta mayar da ido kan wakenta. Ta yi wa mijinta alkawari, kuma shekara talatin da wani abu ba ta taɓa karya masa magana ba.

"Shi ke nan," in ji Baƙo. "Juma'a ma ta yi nisa. Yau zan ba su amsa."

Ya shiga ɗaki ya jawo jakar da ya kwance ya fara cusa kaya.

A nan Auta ta same shi. Ta dawo daga makaranta, alli har a gira, muryarta ta dushe saboda yara arba'in. Ba ta ko cire takalmi ba. A hannunta ɗaya tuffar nan mai tabo, a ɗayan kuma gilashin Baba, ɗan ƙaramin nan da yake maƙalawa a ido idan zai duba cikin agogo.

"Ni ba a sa ni alkawari ba, ƙafa kawai aka taka mini," ta ce. "Ungo. Duba."

"Na gani. Tabo ne."

"Ka kalla dai. Yanzu nake so ka gani. Sa gilashin."

Don ta ƙyale shi ya sa. Ya kawo tuffar kusa da ido.

Ba buguwa ba ce. Buguwa ya san ta, faɗi take yi, ba ta fasa ɓawo. Wannan 'yan ramuka ne guda biyu, ɗaya ya fi ɗaya zurfi, da ɗan jan layi inda abu ya zame. A cikin ramin mai zurfi akwai wani abu da ya bushe ya yi baƙi-baƙi.

"Jini ne," in ji Auta. "Jiya ka ce ba ka taɓa ganin yana ci ba. Kana fita ya gwada. Ni na kai masa ruwan gishiri ya kuskure baki."

Baƙo bai cire gilashin ba.

"Turamen haƙoransa duk sun zube, Yaya. Shekara biyu ke nan. Na gaba guda huɗu suka rage, biyu suna girgiɗi. Ka zaci gashin bakin nan ado ne? Ka zaci tari yake yi idan ya rufe baki? Ranar da ka ce za ka dawo ya tara mu ya ce kada wanda ya gaya maka. Wai ka tafi ka bar shi yana fasa ƙashi, ba zai yarda ka dawo ka tarar yana shan abinci kamar jariri ba."

"Me ya sa ba a kai shi wurin likitan haƙori ba?"

"Kai ka kai shi mana. Mu mun yi har mun gaji. Ya ce ba za a sa masa haƙoran roba ya riƙa ajiye su a kofi ba." Ta zauna a bakin gado, ta cire takalmi ɗaya. "Shinkafar da ka ce ta caɓe, shekara biyu ita muke ci. Ni da Umma haƙoranmu lafiya lau. Muna ci ne don kada a ajiye masa kwano daban ya ji an ware shi. Kai aka ware wa tukunya, ba ka ko tambaya ba."

Ta cire ɗayan takalmin.

"Ba wani ɓoyayyen abu ba ne fa. Mai baro ya sani. Yaran layi sun sani. Da sau ɗaya ka zauna ka ci abinci da mu, da cokali uku sun ishe ka ka gane. Amma kai kullum a tsaye, kamar wanda mota ke jira."

Ta miƙe ta fita da takalmanta a hannu. A bakin ƙofa ta juyo. "In za ka tafi ka bar mini cajar nan, tawa ta lalace."

Baƙo ya zauna a ƙasa kusa da jaka. Ya daɗe. Yana jin Umma ta ci gaba da tsintar wake, tsakuwa na faɗawa a murfin kwano ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya riƙa dawo masa shi ne kwandon ƙasa. A sito ba zubar da shi ake yi ba. Idan ya cika ana tura shi wani ɓangare a bayan gini, inda wasu mata suke dafa tuffar su niƙa, a zuba a kwalabe, a kai asibitoci da gidajen tsofaffi. Su 'yan bakin bel raina ɓangaren suke yi. Shekara bakwai yana wucewa ta ƙofarsu yana jin ƙamshin, bai taɓa tunanin su wa suke ci ba.

Bayan la'asar ya shiga kicin.

"Umma, ara mini 'yar tukunyar nan tawa. Yau kada ki dafa mini daban."

Ya zaɓi waɗanda suka fi yamutsewa, don ya san ruwa ne kawai ya ragu, zaƙin yana ciki. Biyu sun lalace, ya zubar. Ya wanke sauran, ya cire tsakiya da 'ya'yan, ya yayyanka ƙanana da ɓawonsu. Ya zuba ruwa kaɗan, ya jefa ɗan itacen kirfa, ya rage wuta. Bai sa sukari ba. Da suka yi lugub ya murje su a rariya da bayan cokali, har ɓawon ya bi ta ciki. Hannun nan mai sauri bai iya wannan ba. Ya ƙone a yatsa, ya ɓata riga.

Auta ta leƙo. "Ikon Allah. Umma, zo ki ga Baƙo ya shiga aikin masauki."

"Ke, miƙo mini babban kwano."

"Ba ƙarami ba? Na Baba?"

"Babba na ce. Kowa zai ci."

Ta dube shi, ta miƙo babban.

Da aka shimfiɗa tabarma ya zauna. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. Bai san inda zai sa ƙafafunsa ba, ya naɗe, ya miƙe, ya sake naɗewa.

Baba ya shigo a hankali. Ya riga ya ga ramin da durowa ta bari a teburinsa. Ya ga ɗansa a kan tabarma, ya ga kwano yana tururi, ya dubi matarsa.

"Ba ni ba ce," in ji Umma.

"Ni ce," in ji Auta. "A yi mini duk abin da za a yi mini bayan na ci."

Baba ya zauna. Ba wanda ya taɓa cokali.

"Baba, ka yafe mini," in ji Baƙo. "Na zaɓo maka mafi tauri a kasuwa. Na hana Umma ta yanka. Na sa ka ji ciwo. Kuma da na ga durowar, na zaci ƙi na kake yi."

Baba ya sunkuyar da kai. Da ya yi magana, hannunsa na kusa da baki.

"Da ƙi ne, da na ba yaran layi. Kullum suna wucewa." Ya numfasa. "Shekara bakwai saƙo kake aikowa ta hannun mutane. Wannan ne abu na farko da ka miƙo mini da hannunka. Ban iya ci ba, ban kuma iya bayarwa ba. Sai in ja durowar kaɗan ina aiki ina jin ƙamshi."

"Maganar da ka yi ranar da zan tafi fa?"

"Wace magana?"

"Ka ce ba da yawunka ba."

Baba ya ɗago, ya dube shi sosai, irin duban da yake yi wa agogon da ya ƙi tafiya.

"Ita ka riƙe? Yaro, motarku ba ta kai kwanar layi ba na fara yi maka addu'a. Tsoro ne ya yi magana, ba ni ba. Ni ma na ga ka dawo ba ka zama inda nake, na ce to, ya ga tsoho ya lalace, kunya yake ji."

Umma ta goge ido da gefen mayafi. "Ku biyun nan kun gajiyar da ni. Abinci na hucewa."

Aka ci shinkafar, mai laushin nan, kowa da kowa. Baƙo ya ci a hankali, yana kallo ta gefen ido. Ya ga yadda Baba yake danna kowace loma da harshe, yadda Auta take tura masa ɓangaren da ya fi laushi kamar ba da gangan ba, yadda Umma take jan hira don kada a ji shirun. Cokali uku, kamar yadda Auta ta ce.

Sannan aka jawo babban kwano tsakiya. Baba ya ɗebi rabin cokali. Ya juya shi a baki. Ya ƙara cikakke. Ya ƙara.

"Wannan ita ce tuffar?"

"Ita ce, Baba. Har ɓawon yana ciki."

"To me ya sa tun farko ka kawo mini ita da sulke?"

Auta ta ƙware, ruwa ya fito mata ta hanci. Umma ta buga mata baya tana faɗa tana dariya. Baba ya dube su, kafaɗunsa suka fara rawa. Hannunsa ya taso zai rufe baki, sai ya tarar cokali na ciki. Ya dubi cokalin, ya dubi kwano, ya ga ba zai iya ajiyewa ba.

Sai dariyar ta fito haka nan, baki buɗe, haƙora huɗu da dasashi a fili. Ba ta kai ƙarfin ta da ba. Amma ta fita ta taga.

Ranar Juma'a Baƙo ya aika wa abokinsa cewa a ba wani gurbin, wannan kakar ba da shi ba. Ban ce ya daina jin ƙafarsa na ƙaiƙayi ba. Har yanzu yakan tsaya a bakin titi yana kallon motoci. Amma lokacin cin abinci yana kan tabarma.

Cikin Baba bai saki a rana ɗaya ba. Da tuffar da aka dafa, da wadda ake gogawa ɗanya a kan madara da safe, da ruwa, da maganin likita, a hankali ya daina riƙe ciki. Maganar likitan haƙori kuwa sai da aka yi wata guda ana ja. Ranar da ya yarda, ya ce da sharaɗi ɗaya: yaron ne zai raka shi, kuma ya zauna, kada ya tsaya masa a kai.

Da Baƙo ya koma wurin mai baro, ya sa hannayensa biyu a aljihu.

"Ba ni na ƙasan nan. Masu laushi."

"Kwandon ƙasa, Injiniya?"

"Shi."

Mai baro ya tona yana murmushi. "Ka gaishe da tsohon. Jiya na ji dariyarsa daga nan."

Darasi: Alheri ba ya isa inda aka aike shi sai an san halin mai karɓa. Kana iya kawo abu mafi kyau a kasuwa ya zama ciwo ga wanda kake ƙauna, idan ba ka zauna ka dube shi ba. Iyayenmu ba sa faɗin abin da ya ƙare musu, ɓoyewa suke yi don kada mu ga sun rage. Kada ka yanke musu hukunci da kallo ɗaya. Ka zauna ka ci abinci da su, ka lura da abin da suke turewa gefe da abin da suka daina taɓawa. Idan akwai wanda ka sani yana gida amma kullum a tsaye yake, tura masa wannan labarin kafin a naɗe tabarmar yau.